Ranar da Na Cinye Abincin Matacciya

Ko da zan shekara ɗari a duniya, haƙorana su zube, in manta sunan jikokina, ba zan manta ranar da na cinye abincin matacciya ba. Shekara uku ke nan da faruwar abin, lokacin ina aji biyu a ƙaramar sakandare, amma har yau in na ji ƙamshin riɗi a kan wuta sai kunya da kwaɗayi su taso min tare.

A Gashuwa muke zaune. Babana manomin barkono ne da tattasai, kuma yana da wani ɗan sashe a jikin gidanmu da yake ba baƙi haya. A waccan shekarar wata mata 'yar ƙasar Meksiko ta kama shi. Aiki ya kawo ta jami'a, kan wata cuta da ke nannaɗe ganyen barkono, shi ya sa kowa ke ce mata Dakta. Gajeriya ce mai dogon baƙin gashi, Hausarta kuma kamar motar Jakusko da damina: ta ɗan tafi, ta tsaya, sai an tura. Na fara ganin girmanta ranar da ta tsinki attaruhu a gonar Baba ta tauna shi kamar gyaɗa, ta gyaɗa kai ta ce, "Yana da kirki." Ni da nake cika baki a makaranta cewa da barkono aka yaye ni, a ranar na san akwai na gaba da ni.

Mamanmu ba ta yarda maƙwabci ya kwana bai ɗanɗana tukunyarta ba. Duk ranar da aka yi burabusko sai ta zuba a wani kwanon samira mai furanni ta ce a kai wa Dakta. Ba a daɗe ba Dakta ta gane cewa a nan kwano ba ya komawa gidansu wayam, sai ta riƙa sako mana wata wainar masara fale-fale kamar takarda, da wake. Ni ke kai kwanon, ni ke karɓo shi. Taku goma sha biyu ne daga ƙofarta zuwa tamu, amma abinci bai taɓa isowa da nauyin da ya taso da shi ba.

A farkon watan Nuwamba Dakta ta yi kwana biyu cur tana girki. Ta gasa barkono a kasko har unguwa ta ɗauki atishawa. Mu mun yi, akuyarmu ta yi, na rantse har kajin maƙwabta sun yi. Bayan barkonon kuma sai wani ƙamshi ya biyo baya wanda hancina bai taɓa gamuwa da shi ba, ga riɗi, ga gyaɗa, ga wani abu mai kama da cakulan. Kwana biyu ina zagaya katangarta kamar kyanwa.

A rana ta uku, na dawo daga makaranta ko hijabi ban cire ba, Mama ta ce, "Je ki gano min kwanona, ya kwana uku a wajen Dakta."

Ban taɓa amsa aike da sauri irin na ranar ba. Na yi sallama sau uku, shiru. Ƙofar a sakaye take, sai na tura. Abin da na gani a falon ya tsayar da ni. Ta jera tebur da akwatuna kamar matakala, ta lulluɓe su da farin ƙyalle, ta zuba furanni masu ruwan ɗorawa, ga kyandir, ga kofin ruwa, ga ɗan gishiri a faranti. A can sama hoton wata tsohuwa ce tana dariya, da wushirya. A gaban hoton kuma, daidai tsakiya, ga kwanonmu a rufe.

Mai hankali zai tsaya ya yi tambaya. Ni abin da ya zo min shi ne: kwanonmu ne, a cike yake, to namu ne. Na ɗaga murfin. Kaza ce kwance cikin wata miya baƙa wuluk mai kauri, an barbaɗa mata riɗi. Na ce wa kaina, wannan miya ai ta ƙone, bari in ɗanɗana kada Mama ta sha wahala. Na tsoma yatsa ɗaya.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Da farko zaƙi-zaƙi, sai ɗan ɗaci, sai hayaƙi, can ƙarshe barkonon ya taso a hankali ya zauna a maƙogwaro kamar baƙon da ya san gidan. Na tsoma na biyu don in tabbatar. Abin da na sani daga nan shi ne na tsinci kaina zaune a ƙasa, kwano a cinya, ƙasusuwa a aljihun siket, yatsana yana bin kusurwar kwanon yana neman saura. Na lashe shi har furannin cikinsa suka fito fes.

Sai a lokacin hankalina ya dawo daga inda ya je. In na kai wa Mama kwano wayam za ta tambaya. Don haka na mayar da murfin, na ajiye shi a gaban hoton yadda na same shi, na koma na ce Dakta ba ta nan. Wannan kam gaskiya ce, ita kaɗai ce gaskiyar da na faɗa a wannan ranar.

Bayan la'asar Dakta ta shigo gidanmu riƙe da kwanon, fuskarta ta yi fari. Mama na tsakar gida tare da wata maƙwabciyarmu da ta zo aron turmi, matar da labari ba ya kwana a bakinta.

"Maman yara," in ji Dakta, "abinci. Na ajiye wa mamata. Babu."

"Mamanki ta zo ne? Ai ba ki faɗa mana ba."

"A'a. Mamata ta mutu. Bara. Na ajiye mata abinci, na fita, na dawo." Ta buɗe kwanon ta nuna. "Babu."

Taɓaryar da ke hannun maƙwabciyarmu ta faɗi. Mama ta fara salati a hankali. Ni kuwa ina bakin rijiya da guga a hannu, na ji kazar nan ta miƙe tsaye a cikina. Abincin matacciya na ci. Tsohuwar nan mai wushirya tana kallona na cinye mata rabonta har da lashe kwano. Na fara lissafin ko zan kai gobe, na yafe wa ƙanena bashin mari biyu da nake binsa a zuciyata, na duba farcena ko ya fara canja launi.

Dakta tambaya ta zo yi, ko an ga wani ya shiga. Amma Hausarta ta tsaya a hanya, ba wanda ya tura. Abin da maƙwabciyarmu ta fita da shi shi ne, matacciya tana cin abinci a gidan hayar Baba.

Nan ne na yi laifin da ya fi cin kazar. Washegari a makaranta 'yan ajinmu suka kewaye ni, tunda ni ke shiga ɗakin. Da na yi shiru da abin ya mutu. Amma ni in na ga ido goma a kaina bakina ba ya jin magana, ga shi kuma duk wanda ya zargi matacciya bai zarge ni ba. Na ce na ga kyandir, gaskiya ne. Na ce na ga hoton, gaskiya ne. Sai na ƙara da cewa idon hoton yana bin mutum, kuma na ji ƙarar tauna ƙashi. Wannan ma in an duba gaskiya ne, sai dai ni ke taunar. Kafin Juma'a labarin ya zaga ya dawo min da ƙiba: wai hoton ya cinye akuya sukutum, ya nemi ƙari.

Ina dariya har ranar da na ga mai kayan miya ya ƙi karɓar kuɗi daga hannun Dakta, ya ce ta ajiye a ƙasa. Yara suka fara jifan ƙofarta. Bayan sallar Juma'a dattawan layi uku suka zauna da Baba a zaure, da suka tashi Baba ya shigo ya ce wa Mama, cikin rashin jin daɗi, Dakta za ta tashi ƙarshen wata. Da yamma na leƙa ta katanga na gan ta tana cusa littattafai a kwali. Ta kwashe furannin, ta kife hoton a kan kujera.

Ranar Asabar kakata ta wajen uwa ta iso daga Nguru da kwandon bandar kifi. Tun kafin ta sha ruwa Mama ta zayyana mata komai. Kaka ta saurara tana ɓare goro.

"Kwanon, kin gan shi da idonki?"

"Na gani, Inna. Kamar an wanke."

"Har kusurwa?"

"Har kusurwa."

Kaka ta juyo ta dube ni, ta daɗe. "Na yi wa mata wankan gawa sun fi a ƙirga," ta ce, "ban taɓa ganin wadda ta tashi ta lashe kwano ba. Amma a zuriyata na san mai lashe shi har kusurwa." Ta ci gaba da cin goronta, ta bar ni da abina.

Da ta tona ni da ya fi sauƙi. Na zauna ina jin ƙarar jan kwali daga sashen Dakta. Can na tashi na je inda Baba yake gyara buhunan tattasai, na durƙusa, na faɗi komai, har ƙasusuwan da na binne a gindin dalbejiya. Baba ya riƙe baki. Tambayar farko da ta fito masa ita ce, "Wa ya yanka kazar?" Daga baya ya ce, "Ashe 'yata ce aljanar."

Kaka ta ja ni da kunne har falon Dakta. Na maimaita, a hankali, da hannu da ƙafa. Dakta ta dube ni, sai ta fashe da dariya har ta zauna a kan kwali, dariyar kuma ta juye ta zama kuka. Ban taɓa ganin babba ya yi kuka ta dalilina ba, sai dai ya sa ni.

Da ta natsu ta yi mana bayani, rabi da Hausa, rabi da Turancin da nake fassara wa Kaka. A ƙasarsu akwai kwana biyu a shekara da ake tuna waɗanda suka rasu. Kowane gida na dafa abincin da mamacinsu ya fi so, a ajiye gaban hotonsa, a zauna ana ba da labarinsa. Ba wanda ke jiran ya ga an cinye, ƙamshin ne rabon mamacin. Miyar sunanta mole, ba a yin ta sai ranar biki ko ranar tunawa, domin kayanta sun fi ashirin, har da cakulan marar sukari, kuma kowace uwa da irin hannunta, ita ke koya wa 'yarta a bakin murhu. Barkonon da ta yi amfani da shi mahaifiyarta ce ta shanya shi da hannunta ta ba ta kafin ta rasu. Shi ne na ƙarshe. Kazar kuma mai kaji na kasuwa ya yanka mata, na kai wa Baba wannan labarin da gudu.

"To me ya sa a kwanonmu?" Kaka ta tambaya.

"In rana ta wuce, masu rai ke ci," in ji Dakta. "Da maƙwabta. Na zuba a kwanonku don washegari in aiko." Ta dube ni tana share ido. "Kwana ɗaya. Da kin jira kwana ɗaya, naku ne."

Da ta mare ni da na fi jin daɗi.

Kaka ta ɗaga hoton daga kan kujera ta goge shi da gefen mayafinta. "Mu ba ma ajiye wa mamaci abinci," ta ce, "addu'a muke yi, mu soya waina mu rabar sadaka. Amma ni ma duk ranar da na yi miyar kuka irin ta uwata, sai na yi hawaye a tukunyar. Kwance kayanki, 'yata."

Hukuncina Kaka ce ta yanke. Baba ya kawo barkono da tattasai mafi kyau a rumbunsa, Dakta ta sake ɗora kasko, ni kuma aka durƙusar da ni gaban dutsen niƙa kwana biyu. Na niƙa barkono, na niƙa riɗi, na niƙa gyaɗa, har hannuwana suka daina amsa sunana. Da miyar ta nuna Dakta ta ɗanɗana, ta ce ba ta mamanta ba ce, amma da mamanta ta ci da ta nemi ƙari. Sannan aka zuba a kwanoni, aka ɗora min tire, na bi gida-gida ina sallama ina cewa, "Ga saƙo daga Dakta, kuma ni ce matacciyar." Kaka na biye da ni da sandarta don ta tabbata kwanonin sun isa da nauyinsu. Maƙwabciyarmu mai aron turmi ta ce ita ba za ta ci ba. Kwanonta ya dawo a lashe har kusurwa.

Dakta ta ƙara shekara biyu a gidanmu kafin ta koma ƙasarsu. Bakina na nan, ban daina ƙara wa labari gishiri ba, kun ma gani. Amma tun daga ranar na san abincin wasu mutane ba na ciki ba ne kawai, wani uwarsa ce a ciki, kuma ƙaryar da ta ba aji dariya tana iya ɗaure wa baƙo kaya. Yanzu in na ga kwano a rufe, ko da sunana aka rubuta a murfin, sai na tambaya na wane ne.