Kunnen Mai Famfo

Yayana gyaran famfo yake yi, kuma duk unguwa Mai Famfo ake ce masa, har matarsa in ta yi fushi. Ba shi da abin nunawa sai kunne. Ka ba shi bututun ƙarfe, ya ƙwanƙwasa da sufana, ya karkata kai, sai ya ce maka wannan zai ga jikokinka, wancan kuwa a tsage yake ta ciki.

Da yaƙi ya yi tsanani, ƙarfen kirki ya daina shigowa. Manya suka zauna a ofis suka tsara cewa tsohuwar masana'antar bokiti za ta riƙa fitar da bindiga ɗari biyu duk mako. Da wane ƙarfe? Da bututun ruwan gari. Aka haƙe titinmu aka kwashe, muka koma rijiya. Yayana aka ɗauka ya riƙa tantancewa.

Makon farko ya ware rabi. Manaja, wani mai tumbi da bai taɓa riƙe guduma ba, ya sauko da takarda a hannu.

"Malam, takarda ta ce ɗari biyu."

"Ranka ya daɗe, waɗannan fashewa za su yi a hannun 'ya'yan mutane."

"Kai ka faɗa. To duk wanda ka ware za a ƙera, ka harba da hannunka mu gani."

Haka aka yi, a wani ɗaki marar taga bayan injuna. Bindiga ta uku ta fashe, ta tafi da yatsunsa biyu. Bai daina warewa ba, shi da taurin kai tun muna yara. Amma ƙarar ɗakin nan ta ci abin da ya fi yatsu. Wata huɗu sai an yi masa ihu, a na shida ihun ma a banza.

Ba su sallame shi ba, Allah wadai. Me zai sa? Yana ƙwanƙwasawa, ba ya jin komai, ba shi da hujjar warewa. Ɗari biyu ta cika cif. Har takardar yabo suka ba shi, matarsa ta hura wuta da ita.

Ɗansa na fari yana sansanin horon soja duk watannin nan, kuma mun ɓoye wa yaron cewa uban ya kurumce. Ranar da za a kai su fagen fama ya biyo ta gida cikin kaki, ya durƙusa gaban uban, ya miƙa sabuwar bindigarsa da hannu biyu.

"Baba, saurara min ita."

Yayana ya ɗauko sufana ya ƙwanƙwasa, ya karkata kai kamar dā. Ya daɗe a haka. Ni na ji ƙarar sarai, amma ban san me take nufi ba. Can ya gyaɗa kai ya mayar masa.

Yaron ya juyo wurina. "Kin gani, Gwaggo? Baba ya ce lafiya lau take." Ya rataya ta ya fita yana dariya.

Tun ranar yayana yake wuni yana fuskantar ƙofa, don ko an yi sallama da labari, ba zai ji ba.