Inda Muka Sa Bayan Gidan Makaranta

Ni ban yi karatu mai nisa ba. Ban gama firamare ba babana ya cire ni na bi shi hawasha, gonar ruwan da muke noma dawa da auduga. Ba na jin haushin wannan, ya wuce. Na faɗa ne don a san irin mutumin da aka sa cikin lajnar gina makaranta, wato kwamitin ginin. Saboda baki aka sa ni. A garinmu an san in abu ya karkace zan faɗa, ko a gaban wa.

Lokacin da hukuma ta dawo da mutawassiɗa, makarantar tsakiya, mu ba mu da ita. Yaro in ya gama firamare sai ya riƙa hawan mota zuwa Mai Wurno kullum. Wasu mazan suna yi. Mata kuwa nan karatunsu yake tsayawa, don ba mai sa ɗiyarsa da ta fara girma a motar haya kullum, balle da damina, lokacin da laka take riƙe mota har la'asar. Ɗiyata ta fari tana ajin ƙarshe a lokacin. Malamanta suna cewa tana da kai. In an faɗa a gabana sai in dubi wani wuri. Ɗiyar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba, uwarta ma haka. A gida "ta Gwaggo" muke ce mata, saboda yayata ce ta yaye ta.

Da aka ce za a gina mana makaranta, sharaɗin shi ne hukuma ta kawo siminti da kwano da muhandis, wato injiniya, mu kuma mu kawo fili da jan bulo da ƙarfinmu. Muhandis ɗin ya zo daga Sinnar, saurayi ne siriri, ba ya jin Hausa, sai muka yi da Larabci. Ya shimfiɗa takarda a kan tabarma a ƙofar masallaci bayan la'asar, ya ce wannan gwaji ne kawai, ba zai tsayar da komai ba sai mutanen gari sun faɗi abin da suke so. Muka sunkuya muna kallo. Ni dai ban ga makaranta ba. Taubashina, ɗan kawuna da ba ya barin in sha ruwa lafiya tun muna yara, ya ce, "Waɗannan ai akwatunan tumatir ne aka jera."

Liman ya ce a bar takardar nan, a yi yadda muke yi in za a kafa gida. A kawo toka.

Washegari yara suka zaga gida-gida suna karɓar tokar murhu a tasoshi. Muka fita filin da ke gabas da gari, muhandis yana jan igiya, mu muna zuba toka a kan layi. Kafin rana ta take ga makaranta kwance a ƙasa, aji-aji, har da inda ƙofofi za su kasance. Ka ga dattawa suna shiga ta ƙofa, ba mai yarda ya tsallake layi, wai kada ya haura bango. Na daɗe ban ga mutanenmu cikin nishaɗi irin na ranar ba. Wanda bai taɓa zama a aji ba shi ya fi kowa sanin inda allo ya dace.

An yi gardama kuma mai amfani. Muka ce tagogi su dubi kudu da arewa don iska ta ratsa. Muka ce a ɗaga daɓe sama sosai, don ƙasarmu baƙa ce, da rani ta tsage, da damina ta kumbura ta ture bango. Malamai suka nemi rakuba, rumfar da yara za su ci abincin hantsi a inuwa. Samari suka nemi filin ƙwallo, aka ce su je bakin kogi. Muhandis yana ji, yana share layi da ƙafa, yana sake ja.

Maganar bayan gida ita ce ba ta ɗauki lokaci ba. Mu a kanmu makarantar nan ba ta yara kaɗai ba ce. Nan za a riƙa zaman gaisuwar mutuwa in gida ya yi kaɗan, nan za a sauki baƙin biki. To baƙo ba ya ratsa cikin gida neman makewayi, kusa da zaure ake yi masa. Sai muka zuba tokarsa a bakin babbar ƙofa. Katanga kuma muka ce sai daga baya, in Allah ya hore. Babbar ƙofar tana kallon itacen dogon yaro da ke gaban kanti, inda mu maza muke zama shan shayi in mun dawo daga gona.

Muhandis ya ce, "Mata fa, me suka ce?"

Shugaban lajna ya ce, "Abin da muka ce."

Muka yi dariya, shi ma ya yi, aka watse. Aka sa ranar Asabar ta sama don nafir, wato gayyar haƙa harsashi.

Cikin kwanakin nan na lura yarinyar ta daina zama da littafi da yamma. Ba na tambaya, amma ina gani. Rannan uwarta tana ajiye mini tuwo ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Malam, yaushe rabonka da gaida Yaya?"

Na gane aike ne. Na tafi.

Na tarar da Yaya tana soya gahawa a bakin murhu. Ta ce, "A'a, mai baki ne yau a gidana? Zauna."

Na zauna a gefen gado. Ta ƙyale ni sai da ta daka ta ɗora a wuta, sannan ta ce, "Yarinyar nan ta ce ko an gama ginin ba za ta shiga ba."

Na ce, "Saboda me? Ga makaranta a ƙofar gida."

"Ina kake zama da hantsi?"

"Gindin dogon yaro."

"Ina kuka sa bayan gida?"



Ta ce, "Kana so ta ɗauki buta ta ratsa fili a gabanka da gaban abokanka, kuna shan shayi kuna ganin shigarta da fitarta? A firamare ma ba sa shan ruwa da safe don kada ya matsa musu. Yanzu sun girma. Akwai kwanakin da mace ba ta da zaɓi, kana da mata, ba sai na ƙarasa maka ba. Kuma ba ita kaɗai ba ce, duk 'yan ajinsu sun gama magana. Kun zuba tokarku kun yi wa baƙi makaranta."

Na ce to yanzu yaya za a yi.

"Ba kana cikin lajna ba? Tashi ka faɗa."

Na ce, "Yaya, da wane baki?"

Kowa ya san a cikin 'yan lajna ni kaɗai ke da ɗiya a ajin ƙarshe, kuma kowa ya san ta fari ce. In na tashi na ce 'yan mata ba za su iya ba, kamar na kira sunanta ne a tsakiyar kasuwa, kuma a kan maganar bayan gida. Na taɓa yi wa jami'in ruwa faɗa a gaban jama'a har ya shiga mota ya gudu. Wannan kuwa tun daga gidan Yaya nake jin harshena ya yi nauyi.

Duk da haka na gwada. A zaman lajna na gaba na miƙe na ce, "Bayan gidan nan na bakin ƙofa."

Taubashina ya ce, "Ya yi maka nisa ne, tsoho? Sai a matso maka da shi gindin itace."

Aka kwashe da dariya. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne wai ina tsoron wari. Aka ce iska ba ta wannan gefen take busowa ba. Na zauna. Shi ke nan abin da na iya.

Na koma na ce wa Yaya na kasa. Ta ce, "Na sani tun kafin ka je. Tafi gonarka. Tokar nan ai daga murhunmu ta fito."

Ranar Alhamis ina cikin hawasha ina buɗe wa dawa ruwa, wani maƙwabcina ya tsaya da jakinsa ya ce in zo fili, mata sun shiga makaranta. Na zo da laka har gwiwa. Muhandis ya zo kafa turaku ne ya tarar da su, tsofaffi da masu goyo, sun cika filin. Ba su taɓa aji ko ɗaya ba, ba su taɓa rakuba ba. Inda muka zana bayan gida kawai suka bi da ƙafa suka share, ko alamarsa babu.

Shugaban lajna yana ta faɗa, wai wa ya ba su izini. Yaya ba ta ko dube shi ba. Ta fuskanci muhandis ta yi masa bayani da Larabcinta na kasuwa, ba ta rage komai ba, har Liman ya shiga gyaran rawaninsa. Muhandis ya saurara har ta gama. Ya juyo gare mu ya ce, "Ai na tambaye ku."



Matan sun zo da tokarsu a ƙwarya. Suka zana na maza a inda yake da ɗan nisa da ƙofa, suka ce wannan ku ta shafa. Na 'yan mata suka kai shi can ƙuryar baya, bayan azuzuwa, da katangarsa, da wurin ajiye randar ruwa a ciki, da wata ƙaramar ƙofa ta lungun gidaje don yarinya ta shiga makaranta ta fita ba sai ta bi ta gaban kanti ba. Suka ce kuma katangar nan ba ta daga baya ba ce, da ita za a fara. Liman ya duba ya ce a ɗan juya shi kada ya fuskanci alƙibla, aka juya.

Muhandis ya ja igiya ya auna, ya girgiza kai. Ya ce ramin ya matsu da bangon aji, a ƙasa irin tamu wata rana zai ja bangon ya zauna. Dole a matsa baya, kuma fili ya ƙare.

Abin da ke bayan filin kowa ya san shi. Garkata ce, 'yar gonar kuɓewa da lalo da nake yi tun kafin in yi aure. Daga ita miyar gidana take fitowa. Duk wanda na duba sai ya dubi ƙasa.

Na ce, "Ku ɗauki abin da kuke bukata. Ƙasar nan ta gaji, kuɓewa ba ta yi a cikinta."

Kuɓewar tana tsaye a gabanmu har ƙirji, ta yi fure rawaya.

Taubashina ya ce, "Gaskiya ne, ba ta yi. Dubi yadda ta rame har ta kusa fin ka tsawo."

Muhandis bai gane dariyar da ake yi ba. Ya kama hannuna ya ce Allah ya saka, sannan ya ce, "Ya hajj, kana da yarinya da za ta shiga ne?"

Na dubi igiyarsa kamar akwai abin gani a jikinta.

Yaya ta ce, "Ba shi da kowa. Tawa ce."

Mata suka yi guɗa. Ni na sunkuya na ɗauki turke na miƙa masa.

Ranar Asabar aka yi nafir. Na cire kuɓewata da hannuna tun da sassafe, na raba wa maƙwabta, don ba na so wani ya cire mini. Daga nan muka shiga aiki na watanni. Muka ɗebo bulo daga matoya ta bakin kogi a amalanken jaki, mata suka ɗebo ruwa, suka dafa wa masu aiki. Katangar baya muka fara ɗagawa kamar yadda aka yi alkawari. Mutanen ƙauyukan kusa in sun wuce sai su ce, ga garin da suka gama bayan gida ba su fara aji ba. Muka ce eh, mun ji. A aikin nan bayana ya samu ciwon da har yau in na daɗe a sunkuye sai na dafa gwiwa kafin in miƙe. Miya kuma yanzu saye muke yi, uwar gida tana tuna mini duk ranar kasuwa.

Makarantar ba wata ta a zo a gani ba ce. Fenti bai isa ko'ina ba, katangar gaba har yanzu rabi ce, awaki suna shiga. Amma bangon bai tsage ba, kuma da rani azuzuwan sun fi ɗakina sanyi.

Ranar da aka buɗe ban je ba, na ce ina da ban ruwa. Ina zaune a tsakar gida ina ɗaure ƙotar fartanya sai yarinyar ta fito cikin kayan makaranta, sababbi, hannun rigar ya ɗan yi mata tsawo. Ta durƙusa daga nesa kamar yadda ta saba.

Ta ce, "Baba, zan tafi."

Na ce, "To. A dawo lafiya."

Uwarta tana bakin murhu ta ba mu baya, tana hura wutar da ta riga ta kama. A waje 'yan ajinsu suna ta kiranta, su da yawa, kowace tana cewa a yi sauri. Na ci gaba da ɗaurin da nake yi ina saurare har muryoyinsu suka shige lungu. Sannan na miƙe a hankali, na saɓa fartanya na tafi gona.