Sunan da Na Tilasta wa Dattijo Ya Faɗa a Bakin Shinge

Ban taɓa mantawa da ranar nan ba, kuma Allah Ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Ku da kuke zuwa gaishe ni da sabon kaki mai sheƙi kuna cewa, "Baba Saje Lawan, ba mu labarin 'yan fashin da ka kama," to yau babu 'yan fashi. Wancan ɗin ma, tunda yau gaskiya za a faɗa, ɓarawon akuya ne guda ɗaya, kuma yana ɗingishi. Yawan maimaitawa ne ya mai da shi su bakwai har da bindigogi. Wanda zan rubuta muku yau ban taɓa ba kowa shi ba. Rubutun ɗan aji huɗu ne, wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa, kada ya zo min gida da jan biro.

Lokacin ina kofur, wato mai igiya biyu a hannun riga: na fi kurtu, ban kai saje mai igiya uku ba. Shekarun nan ne na fari da tsadar abinci, zamanin mulkin soja, da ake bin layi a sayi sabulu. Albashinmu sai ya ga dama yake zuwa. A ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Ɗanbatta akwai gidajen da yunwa ta sa suka daka irin da suka ajiye don shuka suka yi tuwo da shi. In aka shiga irin wannan hali sata kan yi yawa, kuma a shekarar babura aka fi ɗauka.

Don haka aka kafa mana shinge a kan hanyar Ɗanbatta, da durom biyu da katako mai ƙusoshi, aka ba mu ƙa'ida. In ka tsayar da mai babur sai ka karɓi takardu, ka riƙe su yadda ba zai leƙa ba, ka tambaye shi sunan mai babur ɗin. In ya faɗi abin da ke rubuce, ya wuce. In ya kasa, shi da babur sai caji ofis, har ranar da mai shi ya zo da ƙafarsa. Ƙa'idar ba ta da laifi, mun kama ɓarayi da ita.

Sai dai ku san yadda mutane suke kallonmu a lokacin. Direba zai sauke gilashi ya ce "ranka ya daɗe", kafin motar ta gama wuce durom ka ji tsaki. In ka shiga rumfar mai shayi hira ta mutu ke nan sai ka fita. Ba zan ce ba mu da hannu a ciki ba. Wanda ya ce muku zamaninmu ba a karɓar na goro, ku tambaye shi a wace ƙasa ya yi aiki. Amma abin yana ci mini rai. Ni da na shiga aikin nan don a riƙa tashi in na shigo!

Ranar da nake ba ku labari, ruwan shuka ya sauka jiya da la'asar, na farko mai ƙarfi bayan dogon jira. Duk inda ka duba gefen titi mutane ne a gona, mai sungumi yana sara, na bayansa suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Ku 'yan birni ku sani, laimar ruwan farko ba ta jiran kowa. In rana ta buɗe, kafin gobe ƙasa ta sha iska.

Mu biyu ne a shinge, ni da Saje Bukar, wanda iyayensa mutanen Barno ne amma a Kano aka haife shi. Da hantsi sufeto ya aiko kiransa ofis, ya bar ni ni kaɗai. Sai ga Ɗanliti, direban fijo mai jigilar Ɗanbatta, mutum ne da bakinsa ba ya hutawa. Tayarsa ta yi faci daidai shingenmu, fasinjoji suka sauka suka zauna ƙarƙashin darbejiya. Yana kwance taya ya ɗago ya dubi ƙafata.

"Kofur, takalminka na dama yana hamma fa. Ko shi ma bai karya ba?"

Aka kwashe da dariya, har da mata. Takalmin kuwa ya buɗe baki, babban yatsana yana leƙen duniya. Na ɗaure fuska irin ta hukuma. Na ce a raina, duk wanda ya zo gaba sai ya san akwai gwamnati a wurin nan.

Wanda ya zo gaba wani dattijo ne mai farin gemu a kan tsohon jan babur, da rabin buhu ɗaure a baya. Tun kafin in ɗaga hannu ya tsaya, ya kashe babur, ya sauka.

"Sannu da aiki, ɗana. Ya ruwa?"

"Ni ba ɗanka ba ne," na ce. "Ni hukuma ce. Takardu."

Ya ciro su daga aljihu a naɗe cikin leda, ya miƙo da hannu biyu. Na buɗe, na haɗa baƙaƙen a hankali yadda na saba. Isiyaku Haruna.

"Mene ne a buhun?"

"Irin gero ne, ranka ya daɗe. Tun asuba na tafi kasuwar Dawanau, da ƙyar na samo. Iyali suna can gona suna jirana."

"Babur ɗin naka ne?"

"Na yaron gidana ne. Ya tafi ci-rani kudu ya bar mini."

"Ya sunansa?"

Sai dattijon ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai. "Babban ne, ranka ya daɗe."

"Babban wa? Suna na tambaye ka."

"Muna ce masa Mai Sunan Malam."

"Babu Mai Sunan Malam a takardar nan."

Ya sa hannu yana shafa kan babur.

To a nan nake so ku buɗe kunne, don a nan laifina yake. Ban ɗauke shi ɓarawo ba. Tun da ya ce "babban ne" na gane. A ƙauyukanmu dattijo irinsa ba ya kama sunan ɗansa na fari. Kunya ce da ake gada, zai kira shi da laƙabi, ko ya ce "wancan", ko "yaron nan", har ɗayansu ya koma ga Allah. Ba a littafi na karanta ba. Ni ma ɗan fari ne, kuma mahaifina, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa cewa Lawan ba. In yana nemana sai ya tambayi ƙannena, "Ina yayanku?" Na san abin da ke gabana kamar yadda na san hanyar gidanmu.

Da an bar ni da shi mu biyu, wataƙila da na miƙa masa takardunsa. Amma sai Ɗanliti ya taso da sifana a hannu.

"Haba Kofur, ɗan farinsa ne fa. Kai ba Bahaushe ba ne? Sake shi ya je ya yi shuka."

Wata tsohuwa daga ƙarƙashin bishiya ta ce, "Yaro, ka ji tsoron Allah."

Shi ke nan, suka ɗaure ni. In na sake shi yanzu, za a ce direban da ya yi wa takalmina dariya ne ya ba ni oda. Na tura babur ɗin gefe, na zare makulli na sa a aljihu.

"Ko ka faɗi suna, ko babur da buhu su kwana a caji ofis har mai shi ya dawo daga kudun."

Dattijon bai roƙe ni ba, bai kuma yi musu ba. Ya tsuguna kusa da buhunsa. Na koma bakin durom ina tare motoci ina hura usur kamar mai aikin gaske, amma ina satar kallonsa. Rana tana ta hawa. Lokaci lokaci sai ya sa hannu ya damƙi ƙasar gefen titi, ya matse ta a tafinsa, ya buɗe ya duba. Da farko tana dunƙulewa. Can sai na ga ta fara wargajewa tana zuba ta tsakanin yatsunsa. Ɗanliti ya gama ɗaura taya tuni, amma bai tafi ba, fasinjojinsa ma babu wanda ya ce a tafi.

Wajen sha biyu dattijon ya miƙe, ya karkaɗe hannu, ya matso kusa da ni sosai har ina jin numfashinsa. Ya faɗa a hankali, idonsa a ƙasa.

Na ji shi sarai. Kuma ga abin da ya fito daga bakina, ni Lawan, da hankalina, ban sha komai ba:

"Ban ji ba. Ɗaga murya."

Ya ɗago ya dube ni. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ya ce da ƙarfi, yadda na ƙarƙashin bishiya za su ji, "Isiyaku. Sunansa Isiyaku."

Tsohuwar nan ta ja mayafi ta rufe fuska, mazan suka kau da kai kamar an tuɓe wani a gabansu. Na tsaya ina jiran daɗin nasara ya zo, bai zo ba. Na miƙa masa takardu da makulli.

"Na gode, ranka ya daɗe," ya ce.

Ya taka babur sau uku, sau huɗu, ya ƙi tashi. Na matsa zan tura masa, sai ya ɗaga hannu.

"A'a, bari. Kada kakinka ya ɓaci."

Ɗanliti da wani fasinja ne suka tura shi har ya tashi. Sannan suka shiga mota suka tafi, babu wanda ya waiwayo ni.

Da Saje Bukar ya dawo bayan azahar, mai sayar da goro a gefen shinge ya riga ya ba shi labari tun kafin ya jingine kekensa. Ya kira ni bayan durom. Na ƙame, na sara masa.

"Kofur, kai ɗan ina ne?"

"Ɗan nan ne, ranka ya daɗe."

"Wane suna ne a takardar?"

"Isiyaku Haruna."

"Harunan nan wane ne?"

Na dubi bakin takalmina.

"Ina tambayarka. Sunan wa ake sawa a bayan na mutum?"

"Na mahaifinsa."

"To da ka ce, 'Baba, kai ya sunanka?' me zai ce maka? Ɓarawo zai san wannan? Sunan dattijon yana hannunka tun safe, a rubuce, kai ka karanta shi da bakinka. Ka cika ƙa'ida, shi kuma ya tafi da mutuncinsa. Minti ɗaya."

Bai kai ni gaban sufeto ba, bai rubuta ni ba. Ya ce kawai, "Ni kakannina ba a nan aka haife su ba, amma na san wannan. Je ka tare waccan motar."

Daga ranar na samu abin da nake nema. Labari ya zaga tashar Ɗanbatta. Direbobi tun daga nesa suke rage gudu, takardu a hannu. Ɗanliti bai sake tsokanata ba, ko sau ɗaya. In ya zo sai ya ce "ranka ya daɗe", idonsa a kan sitiyari, ya jira in ɗaga katako. A lokacin ne na gane ashe tsokanar nan tasa ta mutumin da ya ɗauke ka ɗan'uwa ce, ni kuma na sa ya daina.

Abin da na koya a aikin nan ke nan, ku masu takardun makaranta ku ƙara a kan naku. Mutanenmu za su yi maka duk abin da ka ce a bakin shinge, su tsuguna, su kira ka yallaɓai, don kowa yana da inda yake sauri da abin da yake tsoron rasawa. Kada ka ɗauka girma ne suke ba ka. Kuma ƙa'ida ba ta taɓa hana ka tambaya ta hanyar da mutum zai iya amsawa ba. Har na yi ritaya ban sake tsayar da dattijo ban fara da tambayar sunansa shi ba.

Ko ya tarar da sauran laima a gonarsa ranar, ban sani ba. Sau biyu ina tambayar ƙauyensu a tasha, aka kwatanta mini, ba shi da nisa da titi, ana hango rimin bakin garin daga shingenmu. Na yi shekara uku a wurin ina tsayar da manyan motoci da hannu ɗaya, amma ban taɓa iya taka wannan 'yar hanyar ba.