Kaskon Farfesa Minza da Wutar Bibi Kwangu

Kowace safiya, kafin masunta su gama jawo jiragensu bakin tafki, Farfesa Minza Luhende takan ɗaura zani, ta ɗauki wani tsohon kasko da ya yi baƙi ƙirin, ta fita ɗiban wuta. A ɗakin girkinta akwai tukunyar gas, akwai ashana, kuma duk unguwarsu ta kan dutse a birnin Mwanza an san haka. Amma sai ta wuce gidajen masu ƙofar ƙarfe, ta gangara can ƙarshen layi inda wata tsohuwa take zaune ita kaɗai, ta durƙusa ta gaishe ta, ta roƙi garwashi.

"Mwalimu, gas ɗin ne ya ƙare ko albashin?" in ji mai kifi, kusan kullum. Mwalimu, wato malama, haka kowa yake kiranta.

"Duka biyun, Baba. Kai fa, kifin nan na jiya ne ko na shekaranjiya?"

Sai a yi dariya, ta wuce tana kāre kaskon da tafin hannu kada iska ta taɓa shi.

A ƙarshen watan nan za ta ajiye aikin jami'a. Ta yi sama da shekara talatin tana koyarwa, tana bincike a kan talauci da siyasar tallafi: wa ake ba, wa ake hanawa, wa yake zaɓa, kuma me ya sa buhun masara ba ya sanin hanyar ƙauye sai an kusa jefa ƙuri'a. Ba ta taɓa zama minista ba, ba a taɓa liƙa hotonta a bango ba. Littattafanta suna can a kantar ƙasa ta ɗakin karatu, inda sai mutum ya durƙusa zai gan su. Wanda ya durƙusa ɗin kuwa ba ya tashi yadda ya sauka. An rubuta manyan littattafai a kan talaka a duniya, masu nauyi, masu hikima, amma a nata ne kawai za ka ji ƙaurin hayaƙi ya kama maka riga.

Ga yadda take aiki. In ta isa ƙauye ba ta fara da tambaya. Takan hau dutse da sassafe ta zauna, ta zuba ido. A ƙauyukanmu na ƙabilar Sukuma, wadda murhunta ya mutu takan aika maƙwabta a ɗebo mata garwashi, ita ma gobe a zo wurinta. Daga sama sai ka ga mata suna ta kai da kawo tsakanin ɗakuna, kowace da ɗan hayaƙi a hannu. Minza takan ce wa ɗalibanta, "Ku bi wutar da ido. Gidan da ba a shiga ɗiba, ba a kuma fita daga cikinsa a ɗebo, a nan aikinku yake."

Mzee Ngasa, wato dattijo Ngasa, direban da ya yi shekaru yana kai ta, shi ya ga abin da ya faru a wani ƙauye na ƙasar Shinyanga. Ba za a faɗi sunan ƙauyen a nan ba, domin ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Shekarar fari ce, kuma shekarar zaɓe. Auduga ta ƙone a gona, ƙyanda ta shiga ta kwashe yara. Motar masara ta zo da hoton ɗan takara a jikinta, aka tara jama'a ƙarƙashin bishiya su ɗaga hannu su zaɓi waɗanda suka fi kowa buƙata. Minza ta je ne ta ga yadda ake wannan rabon.

Da safe ta hau dutse. Can gefen gari ta hangi wani ɗaki shi kaɗai, hayaƙi yana fita ta jinkarsa siriri, a miƙe, ba ya yankewa. Babu mai shiga, babu mai fita. Hanyar da ta bi ta ƙofarsa ciyawa ta rufe ta, an buɗe wata sabuwa da ta yi kwana ta zagaye shi. Da rana ta ɗaga sai wata tsohuwa ta fito da tulu ta nufi rijiya. Matan da ke layi ba su gudu ba, ba su zage ta ba. Hira kawai suka ci gaba da yi, idanunsu suna ratsa ta kamar yadda ake ratsa hazo da ido. Wani yaro ya yi karo da ita bai ko waiwaya ba. Ngasa ya ce har ya tambayi kansa ko su biyu ne kaɗai suke ganinta.

Minza ta sami shugaban ƙauyen, Mzee Mhoja, ta tambaye shi wace ce.

"Wa fa?"

"Tsohuwar ɗakin can."

"Babu kowa a ɗakin can, 'yata." Ya ci gaba da gyaran takalminsa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Da akwai wata Kwangu. Kin ga idonta? Jajawur, idon mayya. Yaranmu sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Taro ya zauna, an yanke: ba gaisuwa, ba ruwa, ba wuta. Wanda ya karya, tarar sa guda, kuma shi ma a ƙaurace masa."

"Masara fa?"

"Ana ɗaga hannu ga wanda babu shi?"

Minza 'yar ƙasar ce, ta san abin da yake biyo bayan irin wannan ƙauracewar: kisa. Kuma alamarsa ta riga ta iso. A kan wani falalen dutse daura da ɗakin, wasu baƙi biyu suna zaune da rana tsaka suna shan rake, kowanne da adda a cinya. Ba su gai da kowa ba, babu kuma wanda ya tambayi baƙin wane ne. A gonar tsohuwar har an kafa turaka an raba.

Ngasa ya ce, "Mwalimu, mu tafi. Ki rubuta abinki a birni. Ni 'ya'yana ƙanana ne."

Ta san gaskiya ya faɗa. In ta taka ƙofar ɗakin nan, babu mai sake buɗe mata baki a ƙauyen, kuma binciken da ta daɗe tana fafutukar samun izininsa ya rushe ke nan. Ta kwana da abin. Da gari ya waye ta tsinci wani fasasshen kasko a bayan shinge, ta kakkaɓe shi, ta bi tsohuwar hanyar nan da ciyawa ta rufe.

Ɗakin duhu ne da hayaƙi. Ta durƙusa a bakin ƙofa, ta kira ta Bibi, wato kaka. "Ina kwana, Bibi."

Sai ga idanu biyu jajaye sun juyo daga gefen murhu. Muryar da ta fito ta shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Ke ta nan ce, ko daga can aka aiko ki?"

"Ta nan ce, Bibi. Da ƙafata na zo."

"Matso in taɓa." Yatsu masu sanyi suka lalubi fuskarta. "Da ɗumi. To me kike so wurin matacciya?"

"Wuta na zo ɗiba."

Bibi Kwangu ta yi wani sauti da Minza ta ce har yau ba ta san ko dariya ba ce ko kuka. Sannan ta ba ta labari. Tun ranar da aka yanke mata hukunci, mai kanti ya daina ganinta, balle ya sayar mata da ashana. Ta san in wutar nan ta mutu babu mai ba ta wata. Don haka ba ta barci mai nauyi, ba ta nisa da gida. Itace ya ƙare a dajin, sai busasshen kashin shanu take tura mata, ta tsuguna a kanta tana hurawa, hayaƙi yana cin idonta. Mutanen gari kuwa suna hangen hayaƙin da ba ya yankewa, suna cewa wutar mutum ba ta yin haka. Idon yana ƙara ja, su kuma suna ƙara tabbata.

Ta zaɓo garwashi mafi kyau ta zuba mata. "Ki riƙe da kyau, jikata. Ba ni da wani abin bayarwa."

Ke ce, Minza 'yar Luhende, kika ratsa tsakiyar ƙauyen nan da kasko a hannu, rana tana kallo. Ke ce kika ji ƙofofi suna rufuwa ɗaya bayan ɗaya a gabanki, kika ji turmi ya tsaya cak a tsakiyar daka, ba ki ƙara sauri ba. Ƙafafunki suna rawa, Ngasa ya gani, amma hannunki bai yi ba. Kika hura wuta a gindin bishiyar taro, kika dafa shayi, kika shanye shi a gaban kowa.

Kafin azahar ita ma ta zama iska. Ta yi gaisuwa, babu amsa. Matar da ta sauke ta ta fito mata da jakarta ta ajiye a hanya. Minza ta ɗauka ta koma ɗakin Bibi Kwangu, ta sa Ngasa ya kawo motar jami'a ya tsayar a bakin ƙofa, inda baƙin nan za su ga tambarin gwamnati a jikinta. Ngasa ya yi ta ƙunƙuni, amma bai tafi ba. Baƙin ma ba su tafi ba. Kullum suna nan a kan dutse, ɓawon rake yana taruwa a ƙafafunsu. Matan biyu suka riƙa karɓa-karɓa wajen gadin murhu, tsohuwa ta fara samun barci.

Sai ruwan da aka daɗe ana roƙo ya zo gaba ɗaya. Tun la'asar yake zuba kamar da bakin ƙwarya har wayewar gari. Ya shiga ɗakunan girki, ya jiƙa toka, ya jiƙa ashana, rafi ya cika ya raba ƙauyen da kowa. Da safe Minza ta leƙa waje. Ta ce ba ta taɓa ganin abin tsoro irinsa ba: gari guda, ɗakuna jere, babu hayaƙi ko ɗaya, tsit kamar maƙabarta. Sai nasu kaɗai, domin Bibi Kwangu ta daɗe da koyon ɗora wutarta a kan dutse ta kife ta da tukunya.

Hantsi ya yi, yara suna ta kukan yunwa da sanyi. Can sai ga wata mata ta taho ta cikin laka, ta lulluɓe kanta. Holo ce, wadda ƙyanda ta ɗauke mata ɗa, wadda ta fi kowa ɗaga murya ranar hukunci. Ɗiyarta da ta rage tana kwance tana karkarwa. Ta tsaya nesa da ƙofa, kasko a bayanta, ta kasa magana.

Bibi Kwangu ta dube ta da jajayen idanun nan. "Holo, bakin ne ya jiƙe shi ma?"

Holo ta zube a kan gwiwa. "Ina kwana, Bibi."

"Lafiya lau. Miƙo."

Daga gidan Holo wutar ta shiga na kusa, daga nan ta yi gaba. Waɗansu ma ba su jira ba, suka zo da kansu. Kafin rana ta take, hayaƙi ya tashi a ko'ina. Da Mzee Mhoja ya fara zancen tara, matarsa ta riƙe ƙugu ta ce, "Kunun da ka shanye ɗazu har kana lashe gemu, da wutar wa aka dama shi? To fara da kanka, ka kawo san!" Da aka waiwayi falalen dutse, babu kowa sai ɓawon rake.

Minza ba ta yarda a kira wannan nasara. Takan ce ruwa ne ya yi, kuma a ƙauyen gaba, inda ba a sami wannan sa'ar ba, an wayi gari an tsinci tasu tsohuwar an kashe ta. Binciken da ya kai ta bai kammalu ba, ta sha faɗa a kansa. Amma daga ɗakin nan ta fito da maganar da ta ba sauran rayuwarta: kada abincin tsoho ya rataya a kan hannun da maƙwabta za su ɗaga, ko motar ɗan takara. A ba kowane tsoho don ya tsufa, ba don ana sonsa ba, domin tsohuwar da take kawo wani abu gida ba a saurin ganin jan idonta. Ta faɗa a aji, ta faɗa gaban kwamitoci, an tafa mata, an ajiye takardunta. Ba ta daina ba.

Bibi Kwangu ta ƙara shekaru, ta rasu a kan shimfiɗarta, gari duka ya raka ta.

A makon jiya ɗalibai suka yi wa Minza walimar ban kwana. Ana cikin jawabai sai aka ji ƙaurin hayaƙi. Wata tsohuwa ce ta shigo a hankali, ƙafa duk ƙura, rungume da tukunya a rufe. Ta ce sai da ta yi rigima da yaron mota kafin ya bar ta ta hau da ita. Ta ajiye a gaban Farfesa ta buɗe: garwashi ne a cikin toka, da ransa.

"Wutar Bibi ce. Ba mu bar ta ta mutu ba, gida-gida take yawo." Sai ta yaye mayafinta. "Mwalimu, ba ki gane ni ba? Holo ce. 'Yar tawa tana birni da mijinta, ni kaɗai na rage. Dubi idona."

Jajawur suke.

"Bana ma ruwa ya yi jinkiri," in ji Holo a hankali. "Maƙwabciyata ta fara aika yaranta wani gidan ɗiban wuta."

Minza ta juya ta dubi Ngasa, wanda ya yi furfura, ya kuma daɗe da ajiye tuƙi. Ya sauke numfashi, ya ce, "Na sani. Bari in nemo man mota."

Mun gode, Mwalimu. Mun gode da ƙafar da ta bi hanyar da ciyawa ta rufe, da hannun da bai yi rawa ba. Kin ajiye alli, kaskon yana nan. Amma kasko ɗaya ne, ƙauyuka kuwa ba sa ƙirguwa, kuma ke ma gwiwa ta fara ciwo. Ku da kuke karanta wannan, gobe da safe ku tsaya a ƙofar gida ku dubi layinku da kyau. Akwai ƙofar da aka daina ƙwanƙwasawa. Ko da ashana a aljihunku, ku je can ku roƙi wuta.