Murhun da Malam Ya Gyara a Wakra

Shekarar da na samu aikin bincike a Doha, mijina ne ya ajiye nasa aikin ya biyo ni. Malami ne a wata makarantar koyon sana'a a Kaduna, yana koyar da walda da aikin ƙarfe, shi ya sa kowa ke ce masa Malam, har ni. Da muka zauna shawara kafin tahowa, cewa ya yi, "Ki karɓa kawai. Ni da nake da sana'a a hannu, ina zan je in rasa abin yi?"

Muka zo, ya rasa. A takarda ni ce kafil ɗinsa, izinin zamansa a ƙarƙashin nawa yake, gidan da muka kama a Wakra, kusa da Doha, shi ma da sunana aka rubuta. Da safe in ɗauki mota in fita, in bar shi a tsakar gida da kofin shayi. Da yamma in dawo in tarar ya share ko'ina, ya kwance famfon da lafiyarsa ƙalau ya sake ɗaurawa. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, kuma na fi son da ya yi.

Ba wanda ya gaya mana Doha na yin sanyi. Gidajen nan don zafi aka gina su, tayil ko'ina, bango kamar ƙanƙara. Da hunturu ya shigo, iskar teku ta riƙa ratsa mu har ƙashi, muna yawo cikin ɗaki da safa da rigunan sanyi.

A masallacin Juma'a Malam ya haɗu da wani dattijo ɗan zangon Kumasi, wanda ya daɗe yana aiki a wata gona a Umm Salal. Baba muke ce masa. Shi ya ba Malam labarin wani tsohon murhun ƙarfe da ke yashe a bayan rumbun gonar, irin na ɗuma ɗaki, wanda mai gonar ya ce a zubar. Wata Asabar na ji ƙarar mota a ƙofar gida, na leƙa, sai ga Malam da Baba suna sauke wani baƙin abu mai ƙafa huɗu, duk tsatsa ta cinye shi, ƙofarsa na reto.

Na ce, "Malam, wannan fa?"

Ya ce, "Murhu ne. Na kwal ne asalinsa, amma zai ci gawayi. Ki ba ni lokaci ki gani."

Rabon da in ga fuskarsa haka tun muna Kaduna. Ya shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya kwance murhun gunduwa-gunduwa. Ya kankare tsatsar da buroshin waya, ya bi da samfefa har ƙarfen ya fito. Ragar da gawayi ke zama a kai ta ruɓe, sai ya je wurin masu walda ya roƙi aron na'urarsu, ya haɗa sabuwa da hannunsa. Cikin murhun ya tsage, ya kwaɓa yumɓu da yashi ya liƙe. Abin da ya fi ba shi wahala bututun hayaƙi ne. A ɗakin waje, wanda suke kira majalisa, akwai wata tsohuwar kafa ta na'urar sanyaya ɗaki da aka toshe da katako. Ta nan ya fitar da bututun, ya zagaye shi da falle na ƙarfe don kada zafi ya taɓa komai.

In na dawo aiki, tun kafin in cire takalmi zai fara ba ni labari: yau ƙofar ta rufu daidai, yau ya gano ta inda iska ke sata ta shiga. Ni kuwa kaina cike da nawa aikin, sai in ce, "Sannu da ƙoƙari," in wuce ciki.

Ranar da ya fara hura shi, bayan magariba, ya kira ni ya koya mini. A fara kwashe tokar jiya, a jera ƙirare, a buɗe 'yar ƙofar iskar da ke ƙasa. Sai wuta ta kama sosai sannan a zuba gawayi, kaɗan-kaɗan, a rage iskar. Ya nuna mini taga ya ce, "Wannan ba a rufe ta duka, komai sanyi. Kuma ba a barci da wuta a ciki." Ƙarfen ya fara ƙas-ƙas, ɗumi ya taso a hankali. Ya ɗora buta a kai, muka sha shayi, na cire safa a karon farko cikin makonni.

Daga nan majalisar ta zama wurin zama. Wasu ɗalibai 'yan Najeriya suka ji labari suka fara zuwa ranar hutu, ana gasa masara da dankali a kan murhun, Malam na tsakiya yana juya gawayi yana ba da labari. Da ba a saninsa sai a ce "mijin Dakta". Yanzu kuwa "gidan Malam" ake cewa za a je.

Wata rana ina wurin aiki wakilin mai gidan da muke haya ya kira ni a waya. Maƙwabta sun yi ƙorafin hayaƙi na ɓata musu shanya, shi kuma ya je ya ga bangon waje ya yi baƙi. Ya yi ta faɗa, yana ambaton gobara da yarjejeniyar haya. Akwai abokan aiki kusa da ni, kunya ta kama ni, tsoron rasa gidan ma ya kama ni. Ban ce bari in yi magana da maigidana ba. Cewa na yi, "Khalas, shi ke nan, gobe za a cire shi."

Na dawo na tarar da Malam durƙushe yana kwashe toka. A tsaye na gaya masa, jaka na rataye a kafaɗata.

Ya ɗago ya ce, "Da an ƙara wa bututun tsawo, hayaƙin zai wuce saman katangarsu. Bangon kuma fenti ne."

Na ce, "Na riga na ce masa za a cire."

"Kin riga kin ce."

"Malam, gidan fa da sunana yake. In wani abu ya faru, ni za a nema."

Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Ya ƙarasa kwashe tokar, ya ɗaure ledar, ya fita da ita. Washegari kafin in dawo an ɗauke murhun, an mayar da katakon kafar, an yi wa bangon fenti fes. Na tsaya a hanya na sayo hita ta lantarki. Ya karɓa ya ce an gode, ya jona ta a soket, ya koma ya zauna. Ɗakin ya yi ɗumi, amma ɗaliban suka rage zuwa, shi ma ya koma zaman tsakar gida.

Gonar ya mayar da murhun. Ya kafa shi a ɗakin da Baba da abokan aikinsa ke zama, kuma duk Juma'a bayan masallaci sai ya bi Baba can. Bai taɓa cewa in zo ba. Ni ce dai wata Juma'a, sanyi ya kusa fita, na ce zan kai shi da mota.

Ɗakin langa-langa ne, ƙasa da tsohuwar darduma. Murhun na kusurwa, bututunsa ya miƙe har saman rufi. Baba ya taso da fara'a, ya jawo mini kujera kusa da wutar. Hausarsu ta zango ba ta raba mace da namiji, sai ya ce mini, "Ka zauna nan, 'yata, ka ji ɗumi. Mijinka ya cece mu bana. Da tari ya hana ni sakat, yanzu ko asuba ba na tsoro." Ya yi ta sa mini albarka, wai na yi kirki da na bar musu murhun. Na sunkuyar da kai ina amsa "amin". Malam na ji, bai gyara masa zancen ba.

Muka kama hanyar komawa, ina riƙe da sitiyari.

Na ce, "Malam, ka yafe mini maganar da na yi ranar nan."

Ya kalli gonakin da muke wucewa. Can ya ce, "Ai gaskiya kika faɗa. Kuma ko ni wakilin ya kira, wataƙila ƙarshenta cirewar za a yi."

"To me ya fi yi maka ciwo?"

"Da kin ce masa ya zo gida ya same ni. Ko faɗan ne, in ji da kunnena, in ba shi amsa da bakina."

Ya ce ya yafe, na kuma san da gaske yake, don shi ba mai riƙo ba ne. Ni ce dai abin ya ƙi sakina. Da muka doshi gari ya ce in bi ta kasuwar Abu Hamour, tumatir da albasa sun ƙare. Na tsaya a bakin kasuwar, ya fita ya shiga cikin masu kayan gwari, na zauna a mota ina jiransa.