Harshen Wada Mai Ruwan Zabibi

Wada Bakano ne, ni Bazazzagi, don haka ko a Makka ban bar shi ya huta ba. Ɗakunanmu a unguwar Mansur bangon gwangwani ne ya raba su, in ya yi atishawa ni ke cewa alhamdulillahi.

Da ƙafa ya zo, ta Sudan, shekaru kaɗan kafin babban yaƙin Turawa. A bakin teku zazzaɓi ya kwantar da shi, ya tashi da ransa amma ɗanɗano ya tafi, hanci ma ya bi. Zuma da toka duk ɗaya a bakinsa. To, wannan bawan Allah shi ya zaɓi sana'ar jiƙa zabibi da tsamiya da subiya, abin shan Makkawa na sha'ir. Na ce masa, "Sai Bakano. Makaho da sayar da madubi."

Ya ce, "Ya shehu, ina da harshe. Yana bayan labule."

Matarsa Ruƙayyatu yake nufi. Jiƙon zabibi a zafin Makka ba ya jiran kowa: da safe halas, kafin la'asar ya juya ya kama hanyar giya. Kowace hantsi Wada zai ɗebo a kofi daga kowane tulu, ya miƙa ta gefen labule. Ina jin ta ta bango. "Wannan a sayar yanzu. Wannan ya kwana. Wancan a zubar, yana cizo." Ita ce kuma ta san abokin kowane. Tsamiya sai da nama mai kitse, subiya da sambusa, zabibi da gurasa mai zafi. In ka nemi subiya a kan wake, Wada ba zai ba ka ba ko ɗan wa kake. "Uwargida ta hana."

Ta rasu bayan an sauko daga Mina wata shekara. Muka ɗauka tuluna za su kife. Babu ɗa, babu 'ya, kuma ba wanda ya fi Wada tsoron ya shayar da baƙon Allah abin maye a garin Allah.

Da aka share makoki sai na ji ƙarar kofi a tulu. Na leƙa ta hudar gwangwani. Yana tsaye, hannu a miƙe ta gefen labule. Ya jima haka, sannan ya gyaɗa kai, ya ɗauki tulu guda ya kai bayan ɗaki ya tuntsurar.

Na ce, "Kai Bakano, da wa kake shawara?"

"Da wadda na saba."

Na yi dariya, amma da ya juya baya na dangwali ragowar tulun na lasa. Yana cizo. Tun daga ranar nakan saya in kurɓa a ɓoye, ina jiran ranar da zan kama shi in yi masa waƙa a unguwa. Shekara ta zagayo, wata ta bi, ban kama shi ba. Labulen nan kuwa na daina kallonsa.

Wata hantsi cikin azumi, ana haɗa na buɗe-baki, ya ƙwanƙwasa bango. Na same shi zaune, kofi a hannu, ya tsufa a wuni guda.

Ya ce, "Ta yi shiru. Na miƙa, na miƙa."

"Wataƙila ta gaji da Kanawa."

Bai yi murmushi ba. "Taɓa min da harshe, ka tofar."

Na taɓa. Lafiya lau yake, zaƙi kamar na kullum, na rantse masa da Ɗakin Allah.

Ya dube ni ya ce, "Na yarda da kai, Tijjani. Amma gobe fa? Da jibi?"

Na ce ai ina nan, bango ɗaya ne.

"Kai komai wasa ne a wurinka. Ran da ka ce lafiya, ban san ko tsokana ce ba."

Na mayar masa da kofinsa. Ya fitar da tulunan ɗaya bayan ɗaya ya zubar a yashi, masu saye suna tsaye da kwanoninsu. Washegari ya sayi salka ya shiga ɗaukar ruwa, sana'ar da ya riƙe ke nan har ƙafa ta ƙi.