Ƙashin Kifi a Gindin Rijiyar Turba

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Dakta Isuhu. Jama'a sun san shi malamin jami'a, mai binciken yanayin zamanin da, da yadda mutanen farko suka yi ta ƙaura suna bin ruwa. Ni ƙanensa haƙar rijiya ce sana'ata, kuma a bakin rijiya na fara gane girman abin da yake nema.

Shekarar babban fari ce. Gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, rijiyar garinmu Turba ta ƙafe, maƙwabta suna ta kora dabbobinsu kudu. Mahaifinmu ya ce ko shanunsa za su ƙare, ba mai fitar da su daga ƙasar kakanninsa. Ina cikin ƙara wa rijiyar zurfi sai na tono wata farar ƙasa mai laushi, cike da ƙananan katantanwa da ƙasusuwa. Yaya ya zo hutu. Da ya leƙa cikin guga, sai ya tuɓe riga ya ce a zura shi.

Ya daɗe a ƙasa. Da muka jawo shi, sai ga ƙashi da guntun dutse a hannunsa. Ya je ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, wanga ƙashin kihi na. Nan da muke, can da tabki na babba. Ga guntun dutsen niƙan waɗanda sunka zauna bakinai. Ruwa ya janye, sunka bi shi. Wataƙila da sun tsaya, da babu mu."

Baba ya yi ta juya ƙashin a tafin hannunsa. "Kihi? Turba? Allah mai iko!"

Kashegari ya ce in kora shanun. Waɗanda suka rayu, da su muka sake tashi bayan ruwa ya dawo.

Yau damina takan makara, in ta zo ta zo da ambaliya, mutane kuma suna barin garuruwansu tsakanin Isa da Sabon Birni. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Na san zai yi kuka, don mai tausayi ne. Amma ba zai ce ƙasar ta mutu ba. Ya ga sau nawa ta bushe ta sake yin kore tun kafin a sa mata suna.

Littattafansa da Turanci suke, ban iya karanta su ba. Abin da ya bar mini shi ne, in baƙo ya tsaya ƙofata da kaya a ka da iyali a baya, ba na yi masa kallon wanda ya kasa. Nakan shimfiɗa masa tabarma, in tambaye shi daga ina.

Allah ya jiƙan Yaya.